Azumin Ustaziya

Akwai wata tela mai shago a bakin wani layi, kowa Anti yake ce mata. Hannunta a ɗinki sai dai a yaba, amma bakinta ya fi kekenta gudu. Ba muguwa ba ce, Allah ya sani. Sai dai maganar da ta shiga shagonta da safe, kafin la'asar ta zaga unguwa.

Cikin masu kawo mata gyara akwai 'yar maƙwabciyarta, yarinya mai shekara goma sha huɗu. Mahaifinta magini ne, ya faɗo daga saman gini, wata bakwai ke nan yana kwance. Uwar ce ke wankau tana riƙe da yara biyar, har da na goye.

Sa'annin yarinyar suna kawo siket ɗin makaranta a buɗa musu, ita kuwa ragi take kawowa. Sau uku Anti tana tsuke ƙugun siket ɗin nan, ko sau ɗaya ba ta tambayi kanta dalili ba.

"Ke kam kullum ƙara tsotsewa kike kamar tsinken tsintsiya," in ji Anti. "Zo ki sa hannu, ga shinkafa."

"Na gode Anti, azumi nake."

Litinin azumi, Alhamis azumi, Talata da Asabar ma azumi. Anti ta laƙaba mata Ustaziya, sunan ya bi ta har gida. Ita kanta uwar daɗi take ji, tana cewa Allah ya ba ta 'ya mai ibada.

Wata rana da azahar, Anti ta zagaya bayan shago za ta zubar da ƙyallaye. Sai ga Ustaziya durƙushe a bakin famfo, ta kafa kai tana kwankwaɗar ruwa. Ko awa ɗaya ba a yi ba da ta ƙi tayin abinci.

Anti ta tafa hannu, ta ƙyalƙyale da dariya.

"Lallai Ustaziya! Wannan azumin na wace mazhaba ne? Ku fito ku ga ikon Allah!"

Matan da ke jiran ɗinki suka leƙo, aka yi ta shewa. Yarinyar ta goge baki da gefen hijabi, ta wuce kanta a ƙasa.

Kafin magariba labari ya isa gidansu. Ta katanga Anti ta jiyo faɗan uwar.

"Da ibada kike wasa? Kin sa ana yi da ni a unguwa!"

"Ki yi haƙuri Umma, ba zan sake ba."

Kuma ba ta sake ba.

Bayan kwana tara, cikin tsananin zafin rana, ta yanke jiki ta faɗi a harabar makaranta. Likita ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, ruwan jikinta ya ƙone, har ƙodarta ta taɓu. Ya ce yarinyar nan ta daɗe rabonta da ƙoshi.

Labari ya iso wa Anti. Ta yi girki, ta cika kula, ta nufi asibiti. Ta tarar uwar ta fita karɓo magani, yarinyar na kwance ita kaɗai ana ƙara mata ruwa, idanunta sun faɗa.

"'Yata, me ya kai ki? Gaya mini gaskiya."

Yarinyar ta dubi ƙofa tukuna, sannan ta yi magana a hankali.

"Anti, abincin ba ya isarmu. In na ci, Umma ce ke haƙura, ga shi tana shayarwa. Shi ne nake cewa azumi nake, sai a bar mata nawa. Da magariba in ɗan taɓa kaɗan, in tura wa ƙannena sauran. Ruwan famfon nan shi ke riƙe ni. Da kika kama ni, na yi wa Umma alkawari, sai na daina sha."

"To ni da nake miki tayi kullum, me ya hana ki ci a wurina?"

Yarinyar ta dube ta.

"In na ci, Umma za ta ji, Anti."

Ba da zafi ta faɗa ba, ba kuma don ta rama ba. Wannan ne ya fi ƙona ran Anti. Wata da watanni ga abinci a gaban yarinya mai jin yunwa, babu abin da ya shiga tsakaninsu sai bakinta. Kunya da baƙin ciki suka rufe ta, ta rasa inda za ta sa kanta.

Ta buɗe kular, ƙamshi ya cika ɗakin.

"Tashi ki ci. Wallahi babu wanda zai ji."

Yarinyar ta daɗe tana kallon abincin. Ta haɗiyi yawu, ta kau da kai.

"Anti, don Allah a kai wa su auta. Ni ai ana ƙara mini ruwa."

Anti ta dafa ƙarfen gadon, ta fashe da kuka.

Darasi: Jama'a, ba kowane yaro ne zai buɗe baki ya ce yana jin yunwa ba, wani ɓoyewa yake don ya rufa wa iyayensa asiri. In kun ga ɗan maƙwabci yana ramewa, ku ja shi gefe ku tambaya kafin ku yi dariya, ku ciyar da shi, sannan ku kama bakinku. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai irin yarinyar nan a layinsu.