Baƙon Maciji Marar Dafi

Ga ta nan, ga ta nanku, jama'a!

Ta zo mu ji ta da kunnenmu!

Wani maciji ne, ana ce masa Ɗan'ayaba, ya faɗo ƙasar nan daga ƙetaren teku cikin lodin ayaba. Kyau kam akwai shi, amma dafi ko ɗigo babu.

Ya je gaida Kububuwa, sarauniyar macizai. Ta dube shi sheƙeƙe, ta ce, "Kai baƙo, mutum nawa ka kashe a ƙasarku?"

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ko ɗaya. Ƙadangaru nake ci."

Ta ce, "Tir! Ashe tsutsa ce. Ku fitar da shi, kada ya ɓata mana zuri'a."

Aka fitar da shi, kunya ta rufe shi, ya kwanta a bakin ramin sarauniyar. Can sai ga wani gardi mai wasa da macizai da kwandonsa. Ya damƙe Ɗan'ayaba, ya buɗe masa baki, ya ga babu dafi, ya ja tsaki, ya ce, "Su wa za su taru kallon wannan?" Ya wurgar da shi cikin ciyawa. Sannan ya zura hannu ya jawo Kububuwa, ya cire mata haƙora tas.

Ran kasuwa Ɗan'ayaba ya leƙo daga kan tsamiya, ya hango sarauniya tana rawar dole, yara suna jan wutsiyarta.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya faɗa tukunya!