Taƙin da Kurege Ya Bari a Bakin Rumbu

Ga wata nan ta iso, ku matso ku karɓa, ba ragi.

Shekarar da gero ya yi albarka, Kurege ko zangarniya bai noma ba, cikinsa sai kuka. Ya haƙa rumbun ƙasa, ya raba shi gurbi-gurbi da 'yan katangu, ya yi shela: ajiya kyauta, amma abin da ya zube na mai rumbu ne. Ciki duhu ne, manyan dawa ba sa ganin komai. Abin da mai rumbu ya faɗa, da shi suke awo.

Ɓauna ta fara zuwa. "Kai ɗan tsurut, gurbinka nawa yake ci?"

"Mudu ɗaya, Inna, ko ƙwaya ba ƙari."

Alhali buhu guda yake ci! Mudu-mudu ta riƙa miƙowa; duk wanda ta miƙo, Kurege ya ce sai an kwashe gurbin kaf, a haɗa, a mayar. Gero na zuba, Kurege na tsinta.

"Ni ne Kurege, bakina gonata!"

Da gari ya waye sai ga Giwa, ta ce ita sai da shaida. Kurege ya zagaya bayan juji, ya manna gemun auduga, ya dawo yana tari, wai shi ne tsoho mai awo.

"Baba mai awo, gurbin nan nawa?"

"Buhu ɗaya, ranki ya daɗe." Wannan kam gaskiya ce.

"Daga ina na farko ya soma?"

"Daga bakin ƙofa cif."

Nan ƙaryar take. Taƙi guda ya bari a bakin ƙofa kafin gurbin farko. Giwa ta jera buhunanta daga ƙofa, kowanne ya hau katanga, rabi nan rabi can, ya ɓarke. Kurege ya tara ganimarsa a wannan taƙin, ya rufe da tabarma, ya ci har wuyansa ya ɓace.

Da gari ya waye Gyado, mugun dawa, ya iso. Aka yi masa ƙaryar jiya. To shi Gyado da baya yake shiga rami tun kakanninsa. Ya tura buhu da gindi har ƙurya, daga can ya fara jeri. Kowane buhu ya zauna daram, ko ƙwaya ba ta faɗi ba. Da ya gama, ga fili ya ragu a gaban hancinsa.

"Wannan ragowar fa?"

"Wurin hutawata ne, Kawu, kada ka..."

Gyado ya ɗaga tabarma da haure. Gero tsibi!

"Giwa! Ɓauna! Ku zo ku ga zubewa!"

Kurege ya faɗa ramin gudunsa, wanda ya haƙa tun yana ramamme da yunwa. Tumbi ya maƙale. Ɓauna ta taimaka masa da ƙafa ɗaya, ya ɓullo ta ɗaya bakin kamar an harba shi.

Ya hau suri yana ɗingishi, gemun auduga a kunne, ya ɗaga murya:

"Awona lafiya lau! Wa ya ce ku gayyato mai shiga da gindi? Baɗi a ƙurya zan bar taƙina!"

Ƙurunƙus, kan wanda bai daddara ba.