Asibiti a Bayan Allo

An yi wani mai zane, Barmo, wanda kowa ke yaba hotunansa amma ba mai saye. Da rubuta allunan kwangila yake ci, irin masu cewa "Nan za a gina asibiti."

Ran nan Ciyaman na ƙaramar hukuma ya kira shi ya ce, "Baƙi na tafe daga birni. Ka zana ayyukana a bangon sakatariya. In ka zana abin da babu, ka ja mini bincike. In ka bar bango fayau, ka zage ni. Kowanne ka yi, sai na tashi rumfarka."

Barmo ya san ko tubali ɗaya ba a aza ba, amma ya ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Da aka yaye ƙyalle a gaban baƙi, sai ga zanen alluna goma sha biyu reras cikin ciyawa, akuya na kwance a inuwar ɗaya.

Ciyaman ya murtuke. "Kai, ina asibitin?"

"Yana bayan allon, ranka ya daɗe. Allon ne ya tare shi."

Babban baƙo ya gyara tabarau. "Da gaske akwai shi?"

Barmo ya ce, "Ai ga mai aikin tsaye, yallaɓai. In ya ce babu, yanzu in goge."

Ciyaman ya dubi baƙin, ya ce zane ya yi kyau.

Washegari ya aiko a rubuta sabon allo, a ƙara masa faɗi, don wannan karon gada zai tare.