Soson Kujerar Ɗan'azumi

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari, tun lokacin da babur bai yi yawa ba. Sunansa Ɗan'azumi. Ku saurara, ku na bayan nan, ku bar hirar haka!

Yana da maƙwabci, wani tsoho Baba Jatau, mai gyambo a ƙafa. Likita ya ce ko dai a riƙa kawo shi wanki duk mako, ko kuwa a yanke ƙafar. Asibitin da nisa, hanya duk gargada. Ɗan'azumi ya ce shi zai riƙa kai shi a kan babur ɗinsa, don Allah.

Zuwan farko tsoho ya sauko yana dafe da ƙugu. Ya ce, "Yaro, na gode, amma ba na komawa. Wannan kujera taka ta fi gyambon ciwo. A yanke kawai!"

Ɗan'azumi ya koma gida, ya kwance noti, ya cire kujerar, ya ɓanɓare ledarta. Ya yanke soson wajen zamansa gaba ɗaya, ya ninka shi a wajen zaman tsoho. Ya ja leda ya rufe, ya mayar da kujera ya ɗaure. Ka gan ta sumul, ba ka ce an taɓa ta ba.

To, ya lallashi tsoho ya hau. Kuna tsammanin godiya aka yi? Ina! Sai sabon faɗa. "Kai, zauna waje ɗaya mana! Sai mutsu-mutsu kake kamar mai ƙaiƙayi. Za ka kayar da ni!"

Shi kuwa sai, "Yi haƙuri, Baba."

Mako ya zagayo, faɗa. Wani makon, faɗa. Wallahi da ni ne, da tuni na sauke shi a gindin kuka! Amma bawan Allahn nan, "Yi haƙuri, Baba."

Rannan taya ta yi faci a hanya. Da aka gyara, tsoho ya dafa gaban kujerar zai hau, sai tafinsa ya ji ƙarfe. Ya sake dannawa. Ƙarfe tsurarsa, leda kawai a kai.

Ya ce, "Ɗan'azumi, ina sosonka?"

Ya ce, "Kana kai, Baba. Hau mu tafi, kada likita ya tashi."

Tsoho ya kwance rawaninsa, ya ninke, ya shimfiɗa masa, yana hawaye. Ƙafa kuwa ta warke, ba a yanke ba.

Jama'a, ku nake wa! Kowannenmu akwai mai ɗauke da shi: uwa, mata, wa, maƙwabci. Ya ba ka taushin, shi yana kan ƙarfe, bai faɗa ba. Da ya ɗan motsa sai ka hau shi da masifa. Haba! Alheri na gaskiya a rufe yake. Kafin ka tsawata wa mai ɗauke da kai, miƙa hannu ka taɓa inda yake zaune.