Laujen Barmo da Takobin Hauni

An ce wai an yi wani sarki a Birnin Rimaye, mutum ne mai adalci in ransa na kwance, amma in ya fusata sai kowa ya yi ta kansa. Wata ranar kasuwa faɗa ya kaure tsakanin mahauta, ɗan sarki ya shiga rabo, wuƙa ta same shi, ya rasu. Sarki ya kasa zaune ya kasa tsaye. Tun ba a watse daga zaman makoki ba, ya rantse da Allah cewa duk wanda aka kama riƙe da ƙarfe mai kaifi a ƙasarsa, ko wane ne shi, za a yanke hannun da ya riƙe shi.

Dogarai suka bi gida-gida. Wuƙa, adda, gatari, askar wanzami, har almakashin maɗinka, duk aka kwashe aka kulle a fada. Kai, gari ya shiga uku! Mata na tsinke kuɓewa da farce, maɗinka sun tasa yadi gaba suna kallo, maza duk sun yi buzu-buzu. A yi suna a rasa abin yanka rago. Kowa na tafasa a ciki, ba mai iya buɗe baki.

Akwai wani manomi, Barmo, wanda ya ɓoye laujensa cikin jinkar ɗaki. Shinkafarsa ta nuna a fadama har ta fara zuba. Ya je ya duba, ya dawo, ya sake komawa, ya rasa inda zai sa ransa. Da abin ya ishe shi sai ya zaro lauje. Da a ce ya wuce gona shiru, wa zai sani? Amma ina! Manomi ba ya fita da lauje bai wasa ba. Ƙarar dutsen wasa ce ta kira masa dogarai.

Aka kai shi gaban Alƙali Ishiyaku, sarki kuma ya zo da kansa ya zauna. Barmo ya ce, “Allah gafarta malam, na riƙe, ban musa ba. Amma wallahi shinkafa na nufa. In aka cire hannun nan, da me zan ci da iyalina?”

Sarki ya ce, “Alƙali, na rantse. Kada ka ja mini rai.”

Alƙali ya ce, “Ranka ya daɗe, za a cika rantsuwarka ba ragi. A kira hauni.”

Hauni, mai zartar da hukuncin sarki, ya shigo. Aka miƙar da hannun Barmo a kan kututture. Hauni na zare takobi, alƙali ya daka tsawa: “Dogarai, ku kama hauni!”

Sarki ya miƙe zumbur. “Wane irin wasa ne wannan?”

Alƙali ya ce, “Ba wasa ba ne, ranka ya daɗe. Cewa ka yi ko wane ne. Ga hauni riƙe da kaifi a gaban idonka, hannunsa ya shiga rantsuwa. Wanda zai yanke nasa ma haka, da mai bi masa. Za mu yi ta yi har ya rage hannu ɗaya a garin nan da zai ɗauki takobin, naka ke nan. In ka yarda da wannan, a fara. In kuwa ba ka yarda ba, rantsuwa tana da kaffara, hannun da aka yanke ba shi da ita.”

Sarki ya daɗe yana duban tafin hannunsa, hawaye suka zubo masa, waɗanda tun ranar rasuwar bai bari sun fito ba. Can ya ce, “Ku saki Barmo. Ɗana ba zai dawo don wani ya rasa hannu ba.” Ranar nan ya yi kaffara, ya sa aka mayar wa kowa kayan aikinsa.

Masu hankali suka ce: wanda zai kafa doka yana cikin fushi, ya fara gwada ta a kan hannunsa tukuna.