Birnin da Teku Ke Tambayar Sarkinsa

To, ku matso nan. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Iya!

An yi wani birni siriri, teku a kudunsa, tafki a arewa. Fada tana kan tudu, unguwanni na gangarawa har bakin ruwa. Akwai alkawari tsakanin birnin da Teku: kowace shekara sai ta taso ta nuna unguwa ɗaya ta ce, "Sarki, waɗannan naka ne?" In ya ce nasa ne, sai ta koma. Wanda kuwa Sarki ya ce nasa ne, yana da wurin zama a fada, yana da guga a rijiyar ruwan daɗi.

Sai aka naɗa Sarki Barmo, mutum mai ƙyashi, ko inuwarsa ba ya son a raɓa. Ya ga gari ya cika da jama'a, abin ya tsaya masa a rai.

Teku ta taso ta nuna unguwar masu dafa gishiri. "Waɗannan naka ne?"

Ya ce, "Baƙi ne. Kakanninsu a jirgi suka zo."

Sai Teku ta lashe unguwar. Mutane suka koma zama cikin kwalekwale.

Akwai wata mai bandar kifi, Tasalla, a unguwar gangare. A nan aka binne cibiyarta, a nan take rainon jikokinta marayu, ba ta da wani wurin da ya wuce gidan nan. Ta hau tudu ta durƙusa gaban Sarki. "Ranka ya daɗe, in an zo kanmu, ka ce mu naka ne."

Ya ce, "Tashi, kina ƙarnin kifi."

Shekara ta zagayo, Teku ta nuna unguwar masu sassaƙa jirgi. Sarki ya ce, "Baƙi ne, harshensu ma daban." Sai ta lashe.

Tasalla ta koma. "Ranka ya daɗe, saura mu."

Ya ce, "Sai ki fara koyon iyo."

Kun ji rashin kunya! Ni wallahi duk lokacin da na zo nan sai raina ya ɓaci.

Shekara ta uku Teku ta nuna gangare. Sarki ko kallo bai yi ba. "Baƙi ne."

Tasalla tana ji tana gani ruwa ya shanye gidanta, har murhun banda. Ta kwashi jikoki ta zuba a jirgi, tana kuka.

Teku kuwa ba ta tsaya ba. Ta hau tudu, ta shiga zaure, ta kai wa Sarki gwiwa, ta kai masa ƙirji. Ta duba babu sauran unguwar nunawa, sai ta juya ga jirage, ta nuna Sarki.

"Ku mutanen ruwa, wannan naku ne?"

Wani ya ce ƙasa-ƙasa, "Baƙo ne." Aka fara dariya. Ruwa ya kai wa Sarki haɓa, rawani ya kama iyo.

Tasalla ta dubi idonsa, ta ga tsoro irin na jikokinta. Ta share hawaye ta miƙe.

"Namu ne. Ba shi da kirki, amma a nan aka haife shi."

Teku ta ce, "Ke ko? Bayan abin da ya yi miki?"

"Na ji abin a jikina. Ba na so wani ya ji."

Teku ta ɗan sassauta. "To Sarki, su kuma fa?"

Ya tofar da ruwan gishiri. "Nawa ne! Har wanda ya sauka jiya, nawa ne!"

Sai Teku ta ja da baya, ta mayar da unguwanni ɗaya bayan ɗaya. Tasalla ta sauka ta tarar da gidanta a jiƙe, amma a tsaye. Sarki da kansa ya tako gangare, ya kama mata kwashe laka, bai ce komai ba game da ƙarni.

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare. Duk wanda kuke kwana gari ɗaya da shi, in aka tambaye ku, ku ce naku ne. To, a tashi a yi shimfiɗa.