Ranar da Tanka Ya Kalli Silin

Akwai wani mai aski, siriri kamar raken da aka gama sha, ana ce masa Tsinke. Shagonsa ɗan mitsitsi ne: kujera ɗaya, madubi ɗaya, benci ɗaya. In ka yi hamma a ciki sai gwiwar hannunka ta gaida bango.

To a layin akwai wani ƙato, Tanka. Wuyansa ya fi ƙugun Tsinke kauri. Zai shigo, ya tayar da wanda ke kan kujera da rabin aski, ya zauna. In Tsinke ya ce uffan, sai ya cakumi kwalar rigarsa, ya ɗaga shi har ƙafafunsa su yi ta neman ƙasa.

Mutane suka fara canza shago. Wa zai so ya koma gida da rabin kai? Benci ya zama gadon mage. Shago dai ya kama hanyar rufewa.

Matar Tsinke ce ta fara gajiya. Ta ce, "Baban yara, allurata ta gaji da kwalarka. Ko ka koyi kare kanka, ko ka koma yawo da singileti."

Ƙaninta, wanda ke da baƙin bel a karate, ya ce, "Mijin Yaya, wurina za ka zo. Ƙafa ɗaya zan ɗaga, Tanka ya manta hanyar gidansu."

Maƙwabcin shagon, mai faci, ya ce, "Rabu da yaro, rawa suke yi da fararen kaya. Dambe shi ne faɗa. Naushi ɗaya a haɓa, sai a kawo ruwa."

Tsinke ya fara da dambe. Ya yi ta jibgar buhu, washegari yatsu suka kumbura, almakashi ya gagare shi riƙewa. Ya dubi hannun ya ce, "Da wannan nake ci, ba zan fasa shi a kan haɓar wani ba."

Ya koma karate. Ya iya ɗaga ƙafa kuwa, ba laifi. Da ya gwada a shago sai ya harbi fanka. Ashe abin fili yake so, shi kuma filinsa bai fi tabarma ba.

Daga nan aka kwatanta masa wani gajeren dattijo da ke koyar da judo a bayan wata makaranta.

Dattijon ya ce, "Ɗana, ta ina yake kama ka?"

"Ta kwala, Baba."

Dattijo ya yi dariya har da tari. "To ai kaya yake kawo maka har gida, kai ne ba ka iya ɗauka ba."

Aka shiga aiki. A kama kwala, a juya, a jefar. Tsinke ya sha ƙasa har ƙasar ta san shi. Dattijon yana da doka guda: in ka jefa mutum, kada ka saki hannun rigarsa. Ka riƙe shi, kada kansa ya bugu. Wanda ya saki, shi zai share ɗaki.

Ƙanin matarsa ya leƙo wata rana ya ce, "Mijin Yaya, faɗa kake koyo ko raino?"

Tsinke ya ci gaba da koyonsa. Watanni suka shuɗe.

Ran nan da hantsi ana yi wa wani malamin makaranta aski, mai karate da mai faci suna kan benci suna musun nasu na kullum, sai ƙofa ta yi duhu. Tanka.

Mai karate ya miƙe. Ya cire takalmi, ya rusuna, ya ja numfashi, ya cilla ƙafa. Ƙafar ta sarƙe da wayar injin aski, ya tafi ƙarƙashin benci. Mai faci kuwa nan take ya tuna ya bar taya a kan wuta.

Tanka ya ce wa malamin, "Tashi."

Tsinke ya ajiye almakashi. "Bi layi, ɗan'uwa."

Ƙato ya cakumi kwala. Jikin Tsinke bai tsaya shawara ba. Ya riƙe hannun riga, ya juya, ya sunkuya.

Tanka ya tashi sama. Tun da aka haife shi bai taɓa kallon silin ɗin shagon nan ba sai ranar.

Saukarsa ce abin tsoro. Ƙeyarsa ta nufi ƙarfen da ake ɗora ƙafa a jikin kujera, mai kaifin baki. Da ta same shi, da shago ya rufu har abada, mai shago kuma yana wurin 'yan sanda. Amma hannun Tsinke ya saba. Ya riƙe rigar gam, ya ja sama. Kan Tanka ya tsaya, tsakaninsa da ƙarfen bai fi kaurin mataji ba.

Bakin Tsinke ma ya saba, sai ya ji kansa yana cewa, "Ba ka ji ciwo ba dai?"

Tanka ya juya ido ya kalli ƙarfen. Ya kalli ɗan siririn hannun da ke riƙe da shi.

Can ya ce, "Oga, ina ƙarshen layin yake?"

Kafin la'asar labari ya zaga, layi ya fita har bakin titi. Tanka na zaune a ƙarshensa, hannu a kan gwiwa, kamar ɗan firamare.

Sai a lokacin mai karate ya rarrafo daga ƙarƙashin benci yana kakkaɓe gashi. Ya ce, "Mijin Yaya, ka gode mini. Ni na gajiyar da shi."

Darasi: Kada ka tambayi wane salon faɗa ya fi, tambayi wanne ya dace da jikinka, da sana'arka, da wurin da kake. Ka yi haƙurin koyo, ka rage cika baki. Kuma babban gwani shi ne wanda zai kayar da mugu ba tare da ya zama mugu ba. Ku tura wa wannan abokin naku mai yawan ɗaga ƙafa, kafin ya harbi fankar mutane.